Saƙon da Yaya Sabo Ya Tafi da Shi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabo, wanda mutanenmu na yankin Washington suka fi sani da Sabo Mai Saƙo. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta makwanci. Duk shekara, idan ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba a bakin titi, nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Dalilin guda ne. Ba a iya ba da labarin Yaya a tsallake yadda ya cika, kuma yadda ya cika ɗin ne aka daɗe ana ƙus-ƙus a kai a bayan idonmu. Bana dai na gaji da ajiye alƙalamin.

Mu 'yan Funtuwa ne. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce ƙarama, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunan yanka ba, Auta kawai. Karatu ne ya kawo shi Amurka, karatun bai kai ƙarshe ba, neman abinci ya ja shi ga tuƙi. A shekarunsa na ƙarshe yana jan wata farar mota mai ɗaukar marasa lafiya, irin wadda ake tura keken majiyyaci ta bayanta, yana kai tsofaffi wankin ƙoda yana maido su gida. Yana zaune a Springfield da matarsa, Anti Hadiza, ni kuma ina Germantown da maigidana da yara. Anti tana kiransa Baban Nana, ko da yake Nana, 'yarsu tilo, ƙyanda ta ɗauke ta tun a Funtuwa tana da shekara biyu, kuma Allah bai sake ba su haihuwa ba.

Laƙabin Mai Saƙo ba a banza ya same shi ba. Yaran yanzu ba za su gane ba, su da ke danna waya su tura murya har ƙauye kafin shayi ya huce. A wancan lokacin duk mai tafiya gida jakin kowa ne, Yaya kuwa bai iya cewa a'a ba. Akwatunansa biyu sukan cika da maganin hawan jinin surukar wane, da takalman 'ya'yan wance, da hotunan suna, nasa kayan kuma a leda. Akwai shekarar da ya fitar da atamfar da Anti ta saya wa mahaifiyarta, a tsakiyar filin jirgi, don ya sami wurin na'urar gwajin suga ta wani mutum da ko sunansa bai gama riƙewa ba. Anti ba ta manta da wannan atamfa ba.

Saƙon baki ne ya fi ɗauka da nauyi. Akwai maganar da ba a rubutawa: neman gafarar uwa, ban haƙuri ga ɗan'uwa, bayanin abin da ya hana mutum dawowa. Yaya ba ya taƙaita irin wannan. Haddacewa yake yi kalma bayan kalma, har da yadda mai maganar ya ja numfashi. Idan muna raka shi filin jirgi za ka ji shi a kujerar gaba yana ta gunaguni kamar mai tilawa, in ka yi masa magana ya ɗaga maka hannu. Yakan ce, “Auta, in na canja kalma ɗaya, saƙona na kai, na mai shi yana nan a hannuna.” Mu kuwa dariya muke yi masa.

Yana da kunnen harshe, kuma motar nan ta zame masa makaranta. Cikin fasinjojinsa akwai tsofaffi biyu da yake ɗauka tare sau uku a mako. Ɗaya Baba Tursun, Musulmi, daga al'ummar Uygur da ke can yammacin ƙasar Sin. Ɗayar Gwaggo Lamara, Kirista, daga Jojiya, ƙasar nan ta cikin duwatsu tsakanin Rasha da Turkiyya, ba jihar su Atlanta ba. Baban da Gwaggon duk Yaya ne ya laƙaba musu. A junansu da Rashanci suke magana, amma in waya ta shigo ko rai ya ɓaci, kowa sai ya koma harshen uwarsa, Yaya kuma ya baza kunne.

Ba a cin tuwon Sallah a gidansa sai an sha lacca a kan harsunan nan biyu. Uyguranci, in ji shi, kamar mutumin da ka taɓa gani a masallaci ne, ba ka san sunansa ba amma fuskar ba baƙuwa ba ce. Da haruffan Larabci suke rubutu, daga dama zuwa hagu kamar ajaminmu, har yakan iya sauke jaridar Baba Tursun da baki alhali bai san me ta ce ba. Kana cikin saurare sai ka tsinci taka: kitab, dunya, sawab. Kalmominsu ta wutsiya suke tsawo, ana ta ɗaura musu ƙari, maganar kuma tana tafiya sumul. Jojiyanci kuwa ko kalma ɗaya ba za ka tsinta ba. Rubutunsu nasu ne su kaɗai, zagaye-zagaye kamar awarwaro, baƙaƙen kuma a cunkushe babu wasali a tsakani, kamar fasinjojin motar ranar kasuwa.

Abin da ya fi burge shi shi ne a cikin wannan cunkoso ya ji namu. Haruffan nan da Bature ke kasawa a sunayenmu, ƙ ta ƙasa da ts ta tsuntsu, su ya ji suna fita tsaf daga bakin farar tsohuwa, sai ka ce Bakatsiniya. Ya ce ranar farko saura kaɗan ya taka birki. “Ɗaya danginmu ne ta kalma, ɗaya ta maƙogwaro,” haka yakan ce, “su biyun kuma babu abin da ya haɗa su ko ta nesa.” Anti sai ta ce, “Baban Nana, miyar tana sanyi.”

Wata bazara, ba tare da ya yi kukan ciwon komai ba, ya tashi da kansa ya je wurin likita. Wannan kaɗai abin mamaki ne, don Yaya mutum ne da sai an yi faɗa yake shan maganin mura. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa. Ya ci gaba da tuƙi har ƙarfinsa ya ƙare. Kafin ganye ya fara zuba an kawo gadon asibiti an kafa a falonsa, likitoci sun ce abin da ya rage jinya ce da addu'a.

A makonninsa na ƙarshe Hausa ta bar bakinsa, Turanci ma haka. Abin da ya maye gurbinsu shi ne har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Da hantsi, rana na shigowa ta labule, sai ya kafe silin da ido ya fara. Karatun kashi biyu ne. Na farko mai kaushi, cikin wata siririyar murya mai rawa wadda ba tasa ba, muryar tsohuwa sak. Wata kalma, shwilo, tana ta dawowa a ciki. A wuri guda, kullum a wuri gudan nan, sai ya yi ɗan tari sau biyu ya ci gaba. A tsakiya kuma, cikin maganar da babu mai gane ko harafi, sai ka ji sunan garin da yake zaune ya fito raɗau: Springfield. Kashi na biyu mai laushi ne, da muryar namiji ƙasa-ƙasa, shi kuma balam yake ta maimaitawa. In ya kai ƙarshe sai ya yi shiru kaɗan, ya koma farko.

Za ku ce me ya hana mu tuna da fasinjojinsa. Na tuna, har na faɗa sau ɗaya. Amma mun san iyakar Yaya a harsunan nan gaisuwa ce da 'yan kalmomin ban dariya, kuma wanda ya iya gaisuwa ba ya zuba magana mai tsawo haka da muryar wata mace. Tsoro ma ba ya barin mutum ya yi lissafi.

Aka ɗauko wani malami daga Fort Washington ya yi ruƙiyya. Da ya fara karatu sai Yaya ya yi tsit, leɓensa na bin ayoyin. Malam na shafawa, Yaya ya ɗora nasa daga daidai inda ya tsaya. Malamin mutumin kirki ne, ya ce shi bai taɓa ganin aljanin da ke bin karatu ba, amma wannan abu bai san ko mene ne ba. 'Yan dubiya ba su da irin wannan kunyar. A kicin na ji ana cewa a mota ya kwaso, don mutum nawa suka zauna a kujerun nan suka mutu? Wata ta ce ai an sha ganinsa yana sauke tsohuwar nan a ƙofar coci ran Lahadi. Wata kuma ta ce duk abin da ya san sunan garinku, ya san ƙofar gidanku.

Ya cika wata ranar Alhamis bayan la'asar. Anti tana durƙushe a kunnensa tana cewa, “Baban Nana, ka ce La'ilaha illallahu. Don Allah ka ce.” Ya juyo da ido ya dube ta, irin kallon da yake mana a hanyar filin jirgi, ya ƙara sauri. Ya gama kashi na farko, ya shiga na biyu, ya kai shi har ƙarshe, sannan numfashin ya tsaya. Ni ina wajen ƙafafunsa, na ga manuniyarsa ta dama a miƙe a kan zanin gado. Amma duk wanda ke ɗakin baki yake kallo.

Kafin a yi bakwai magana ta zaga daga Virginia har Maryland cewa Sabo bai cika da kalma ba. Mutanen da ya yi wa dakon akwati shekara da shekaru, su ne masu rage murya in an ambace shi. Ni wannan haushi ya ba ni, har yau ma ina jin sa. Anti kuwa cinye ta ya yi. Ta gama takaba amma ba ta fito ba, ba suna, ba walima, ba ta ɗaga waya. Duk malamin da ta samu tambayarta ɗaya ce, makomar wanda ya mutu da wani abu daban a bakinsa. Na ba ta labarin yatsan, ta ce ina lallashinta ne. Wata rana na same ta zaune a inda gadon ya taɓa zama, ta ce, “Auta, ban san inda mijina yake ba.”

Ni kuma ga abin da ya same ni. Na yi hadda tun ina yarinya, kaina ya saba riƙe sautin da bai san ma'anarsa ba, kuma na yi makonni a gefen gadon nan. Wata safiya ina wanke-wanke sai na ga maigidana tsaye a ƙofar kicin, fuskarsa ta canja. Ashe karatun Yaya nake yi, da siririyar muryar, har da tarin. Ban san na ɗauka ba. Ya ce ko dai in nemo asalin abin nan, ko shi ya nemo mini malami.

Na kira Alhasan, wani ɗan zangon Kumasi ta Ghana, abokin aikin Yaya da ya gaji motar da fasinjojinta. Ya ce kamfani ya hana ɗaukar wanda ba majiyyaci ba. Sannan ya ce, “Ki zo kawai, Hajiya. In an yi tambaya, ke ma'aikaciyar jinya ce.”

Ranar ana sanyi mai shiga ƙashi, sama ta yi fari fat. Carbin Yaya yana nan rataye a madubin motar, babu wanda ya cire. Muka fara ɗaukar Baba Tursun, dogo siriri da 'yar hula mai kusurwa huɗu. Kafin in buɗe baki ya dube ni ya ce, “Auta.” Sannan aka turo Gwaggo Lamara a kekenta aka ɗaure shi a can baya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙin ɗankwali, idanunta ruwan toka, ko kallona ba ta yi ba.

Ban san ta inda ake fara irin wannan tambaya ba. Da muka hau babban titi sai kawai na rufe ido na fara, kamar ina ba da hadda. Ban yi nisa ba na ji wata murya ta shigo cikin tawa daga baya. Ita ce. Muryar da ta yi makonni tana fita daga bakin yayana ce ke bayana, a cikin mai ita. Muka tafi tare kalma da kalma, da muka iso wurin tarin na yi, ita ma ta yi, lokaci guda. Tarin nata ne, na tsohon ƙirjinta, Yaya ya haddace har da shi. Alhasan ya gangara gefen titi ya kashe mota yana ta salati.

Na shiga kashi na biyu. Baba Tursun ya cire tabarau ya riƙe a hannu, bai sake mayarwa ba har na gama.

Shi ya yi mini bayani, da guntun Turancinsa, yana juyawa yana tambayarta da Rashanci. A ƙauyukan su Gwaggo Lamara, in mutum ya mutu mata sukan kewaye gawar suna kuka cikin waƙa, kuma duk wadda take da wani da ya riga ya tafi sai ta ba mamacin saƙo ya kai masa, kamar dai yadda muke yi wa mai tafiya gida. Ita ɗanta ne ya mutu a yaƙi yana saurayi. Shwilo ɗin da na yi ta ji, “ɗana” take cewa. Saƙon kuma ba wani abin tsoro ba ne. Tana gaya masa ta sayar da gidan, kada ya je can nemanta ya tarar da baƙi. Ƙanwarsa ta yi aure, ta kawo ta wata ƙasa bayan teku, wani gari da ake kira Springfield. Ƙafafunta sun kumbura amma tana cin abinci. Ya yi haƙuri da ta bar kabarinsa babu mai share shi.

Na ce, “Amma ai Yaya yana da rai lokacin.”

“Haka na ce mata,” in ji Baba Tursun. “Ta ce ku Musulmi kuna saurin binnewa, kuma ba za ku bar tsohuwa irinta ta yi waƙa a kan gawarku ba. Gara ta bayar tun da wuri.”

“Wa ya gaya mata ba shi da lafiya?”

“Babu. Ta madubin nan ta dube shi wata safiya, ta ce mini mutumin nan tafiya zai yi. Lokacin ko likita bai je ba.”

Ya ce da farko ƙin fassarawa ya yi, ta nace. Da Yaya ya ji, ya ci gaba da tuƙi har suka wuce danja biyu. Sannan ya tambaya, “Dogo ne?” Ya kuma ce a ba shi da harshenta, tunda yaron ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci, shi kuma bai san ko akwai tafinta a can ba. Daga ranar, duk tafiya bita ce. Tana faɗa yana maimaitawa, tana gyara masa. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan shi ne baƙo na farko da ya iya fitar da haruffan maƙogwaronsu daidai.

Baba Tursun ya ce shi ya ɗauki abin a matsayin al'adar da ba ta Musulmi ba, makonni yana kallon taga in suna yi. Amma shi ma yana da ɗa. Shekara guda kafin rashin lafiyar Yaya an yi tarzoma a birninsu, yaron ya fita bai dawo ba, aka yanke wayoyin yankin gaba ɗaya. Babu gawa, babu sunan gidan yari, babu wanda ya ce ya gan shi. Wata rana bayan an sauke tsohuwar, sai ya dafa kafaɗar Yaya, shi ma ya ba shi nasa saƙon. Balam ma “ɗana” ne. Saƙonsa ya ce: in kana can, ka zo wa uwarka a mafarki sau ɗaya, mu yi maka salla mu haƙura. In kuma Sabo bai same ka ba, ka ci abinci, ka sa rigar sanyi, muna jira. Na ce a raina, in bai same shi ba, wa zai ji sauran? Amma uba ne.

Na tambaye shi, “Ya zo?”

“Bai zo ba,” ya ce, sai na ga murmushinsa karon farko. “Sabo ba ya ɓatar da saƙo. Da yaron yana can, da ya same shi.”

Alhasan ya tada mota. Ina ɗaga kai sai idona ya faɗa cikin madubi, na tarar da idanun nan ruwan toka a kaina. Ta daɗe tana kallona, ba ƙiftawa, carbin Yaya yana lilo a tsakaninmu. Wallahi ban taɓa jin sanyi irin na lokacin ba, ga na'urar ɗumama mota tana aiki. Can ta faɗi wata gajeriyar magana ta kau da kai. Baba Tursun ya ce, “Ta ce ki sauke, ke ba yanzu ba.”

Daga nan gidan Anti na wuce. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, ban rage ba. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta miƙe tsaye, ranta a ɓace. “Wato har a gadon mutuwa kayan mutane ya ɗauka. Ina kunnensa ina roƙo, shi yana tsoron kada saƙon wasu ya zube. Ni ko kalma ɗaya bai bar mini ba, Auta. Atamfar nan ce dai aka sake fitarwa.” Ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe. Sannan ta zauna, ta ce in sake gaya mata zancen yatsan. Na sake. Wannan karon ta saurara. Sannan ta ce a hankali, “Da na san karɓa yake yi, da na ba shi nawa.”

Juma'ar da ta biyo baya ta fita masallaci. Duk wadda ta rage murya a gabanta, sai ta ce mata mijinta da amana a bakinsa ya mutu, da shahada a hannunsa, in akwai wadda ta shirya fiye da haka ta faɗa a ji. Ba a sake tayar da maganar ba, a gabanmu dai.

Na san abin da malamai za su ce, ni ma na zauna a gabansu. Ban ce saƙo ya isa ba, ban ce matattu suna karɓar baƙi ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne an ba yayana labarin mutuwarsa a kan titi, da safe, yana tsakiyar aiki, kuma abin da ya fara tambaya shi ne tsawon saƙon. Sannan ya ɓoye mana, ya yi wata da watanni yana bita, don yana tsoron ciwo ya taɓa masa kai kafin ya isa.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu babu mai cika wa wani akwati da magana, kowa yana tura tasa da kansa, har da hoton abincin da ya ci. 'Yata da aka haifa a nan ta taɓa ce mini, da Turancinta, in karanta wa waya kawai, za ta fassara mini nan take. Na ƙi. Ina jin Yaya zai so na'urar, zai kwana yana gwada ta da ƙ da ts ya ga ko za ta kasa, amma ba zai zuba mata maganar da aka ba shi a asirce ba. Kuma da zai ji abin da muke ji yanzu a masallatan Virginia, cewa mutanen Baba Tursun da yawa wayoyin gidajensu sun yi shiru, ba ɗa ɗaya ba, dangi sukutum, na san ba zai iya cin tuwon Sallah ba. Ga waya a hannun kowa, ga mutane suna yawo da saƙon da babu inda za su tura shi.

Tsofaffin biyu duk sun rasu, Alhasan ne ya sanar da ni. Gwaggo Lamara ta tafi ta faɗi nata da bakinta. Baba Tursun ya tafi bai ji labarin ɗansa ba. Ko matarsa ta yi mafarkin daga baya, ban sani ba, kuma da gangan ban bincika ba. Yaya bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, motar ma ta kamfani ce. Abin da ya rage nasa a duniya yana cikin kaina, harsuna biyu da ba na ji, da tarin wata tsohuwa. An ce in sauke, na kasa.

Duk shekara Anti takan yi masa sadaka, in baƙi sun watse ta sa ni in karanta mata, tana zaune ido a rufe. Bana ma haka aka yi, ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, tukwane na jiƙe a kicin. Da na kai ƙarshe ba ta ce a tashi a yi wanke-wanke ba kamar yadda ta saba. Ta gyara zama ta ce, “Auta, kanki yana riƙe abu. In ba ki wani?”

Na dubi fuskarta sosai, ina neman ko ta hango wani abu a tawa. Ta gane, ta kama hannuna. “Ban ga komai ba, ni ba tsohuwar nan ba ce. Wataƙila ma in riga ki. Amma sau ɗaya aka yi tafiya daga gidan nan ban ba da nawa ba, ba zan so a sake ba.”

Na ji kaina ina cewa, “Dogo ne?”

Ta ce a'a, yarinyar shekararta biyu, ba ta san kalmomi da yawa ba. Sannan ta matso kusa da kunnena ta fara: “Nana, 'yata.”